Jirgin Kano Zuwa Nguru: Raddi Ga Masu Cewa Babu Fasinja

Kwanan nan wani mai sharhi kan tattalin arziki ya fito yana cewa kiran da ake yi na a dawo da jirgin fasinja a layin dogon Kano zuwa Nguru ɓata baki ne kawai. Zan kawo hujjojinsa yadda ya jera su. Ya ce jama'a sun koma mota, don haka babu fasinjan da zai cika tarago. Ya ce jirgin ba zai mayar da kuɗin da za a kashe masa ba. Ya ce layin ƙarami ne, tsohon yayi. Ya ce sabon layin Kano zuwa Maraɗi ya wadatar da yankin. Ya kuma kawo batun ɓarayin ƙarfe da rashin tsaro. A taƙaice dai, abin da malamin yake nufi shi ne mutumin Ringim da na Birniwa ba su kai a saya musu jirgi ba.

Mu fara da ta farkon, domin a kanta ya ɗora sauran, kuma ita ce ta fi rauni. Babu fasinja, in ji shi. To, a ina ya ƙirga su? A wace tasha ya tsaya, a wace rana? Ba a ƙirga fasinjan jirgi sai da jirgi. Shekaru da dama ke nan da jirgin wannan layi ya daina zama abin dogaro, kuma tun kafin nan ya riga ya koya wa mutane kada su amince da shi: a ce zai tashi da safe ya kai la'asar, a ce yau zai zo a kwana ana jira. Ɗan kasuwar da ya ɗauro ɗanyen kaya ba zai zauna a tasha yana kallon tumatirinsa na ruɓewa don ƙaunar jirgi ba. Ya tafi tashar mota bisa larura. Sai kuma a dawo a ɗauki tafiyar tasa a mayar da ita hujjar cewa ba ya son jirgi! Wannan daidai yake da mutum ya garƙame shagonsa da kwaɗo, ya koma gida ya kwanta, sannan ya riƙa cewa unguwar ba ta da masu ciniki.

Layin nan ya isa Nguru a 1930, tsawonsa kimanin kilomita 230 daga Kano. Ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Malam Madori kanta tashar jirgi ce ta ɗaga ta, har ta zama wurin da kamfanoni suke sayen gyaɗar ƙasar Haɗeja. Ta wannan dogo aka riƙa fitar da gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu zuwa Kudu, mutane kuma suna hawa suna sauka a kowace tasha. A lokacin jama'ar yankin ba su kai ko kusa da yawansu na yau ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Jigawa kaɗai mutum sama da miliyan 4, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi. Riɗin Jigawa yana cikin abin da Najeriya take fitarwa waje. Dausayin Haɗeja da Nguru yana nan yana ba da bandar kifi da shinkafa da kayan lambu. Ta yaya ƙasar da ta riƙe jirgi lokacin da mutanenta ba su da yawa za ta rasa masu hawa bayan sun ninka?

Ya ce mutane sun koma mota. Gaskiya ne, amma ya ɓoye mana wanda yake biyan kuɗin motar. A shekarar 2022 kaɗai tallafin man fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4. Wannan kuɗin gwamnati ne aka zuba don tafiyar mota ta yi sauƙi, alhali jirgin ƙasa na tsohon layi yana fama da tsofaffin kawuna da taragun da suka gaji. An ɗaure wa ɗaya gindi, an bar ɗaya ya ji da kansa, sannan aka ce kasuwa ce ta yanke hukunci. Haba! Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Duk lissafin da aka yi a zamanin mai na araha ya tashi aiki. Malamin yana auna buƙatar yau da ma'aunin jiya.

Bari ya je tashar mota da safe ya gani da idonsa. Mutum huɗu a kujerar baya, biyu a gaba kusa da direba, but ɗin a buɗe an ɗaure da igiya saboda buhuna. Ɗan kamasho ya yanke wa mutum kuɗinsa, ya yanke wa buhunsa nasa daban, wani lokaci kuɗin kayan ya kusa kai na mai kayan. Ga matar da za ta kai mahaifinta asibiti a Kano, tana roƙon a bar mata kujera biyu don tsohon ya ɗan miƙe ƙafa, tana kwance bakin zani tana sake ƙirga abin da ya rage na magani. Ga ɗalibin da ya fasa zuwa gida hutu. Ga wanda ya yi gaisuwar mutuwar ɗan'uwansa ta waya saboda kuɗin mota. Waɗannan su ne fasinjojin da aka ce babu. Ba su shiga lissafin kowa ba, domin tafiyar da mutum ya fasa ba ta da tikiti, kuma babu ofishin da yake rubuta ta.

Wannan kuskuren lissafi ba a kanmu aka fara ba. A Birtaniya, rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000, akasarinsu a layukan karkara, da hujja iri ɗaya: ba fasinja, ba riba. Garin Okehampton ya rasa jirginsa na yau da kullum a 1972. Da aka sake buɗe layin a Nuwambar 2021, an yi tafiye-tafiye sama da 250,000 a shekarar farko, fiye da ninki biyu na abin da aka yi hasashe. Can ƙasa ce da mota ta wadata. Idan masu mota a ƙofar gida sun cika jirgi da zarar ya dawo yana tashi a kan lokaci, ina ga wanda ba shi da ko keke? A gida ma mun gani. Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, kukan da aka fi yi shi ne na ƙarancin tikiti da masu sayar da shi ta bayan fage.

Na san za a ce jirgin ƙaramin layi bai kai mota gudu ba. Haka ne. Amma mai buhu goma na riɗi abu biyu yake tambaya: nawa ne, kuma yaushe zai tashi. In an ba shi amsa tabbatacciya, awa ɗaya ko biyu da za ta ƙaru ba za ta dame shi ba.

Hujja ta biyu ita ce riba. Ina so malamin ya faɗa mana ribar da titin Kano zuwa Haɗeja yake sakawa a baitulmali. A zamanin Obasanjo an rushe ƙofofin karɓar kuɗi a manyan titunan tarayya, kuma duk shekara ana ware kuɗin kwalta da kwalbati, manyan motoci su farfasa, a sake warewa. Ban taɓa jin an ce a rufe titi don bai mayar da kuɗinsa ba, kuma daidai ne, domin ribar hanya tana aljihun manomin da kayansa suka isa kasuwa da daraja. Me ya sa sai an zo kan dogo ake fito da littafin ciniki? Ballantana ma fili yana nan, dogo a shimfiɗe yake, gine-ginen tashoshi na nan ko da sun tsufa. Ba diyyar gona za a biya ba. Gyara ake magana, kuma jirgin da ya haɗa taragun kaya da na fasinja yana rage wa kansa nauyin kuɗi.

Na uku, wai ƙaramin layi tsohon yayi ne. Faɗinsa milimita 1,067, shi ne kuma faɗin akasarin layukan Japan da na Afirka ta Kudu da na Indonesiya, ana ɗaukar miliyoyin mutane a kansu. Abin da ya kashe namu rashin kulawa ne. Mai cewa a jira sai an mayar da ko'ina babban layi mai milimita 1,435 ya san sarai cewa Birniwa ba ta cikin sahun gaba.

Na huɗu, layin Maraɗi. Wannan aiki na kusan dala biliyan 2, mai tsawon kilomita 284, ya nufi Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Alheri ne, muna fatan a gama lafiya. Amma a duba taswira: arewa maso yamma ya yi, Nguru kuwa tana arewa maso gabas. Mutumin Malam Madori bai ga ko hayaƙinsa ba.

Batun tsaro kuwa, an kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane, aka sace wasu. Ba wanda ya ce a tone layin. An ƙara tsaro, jirgi ya dawo a Disambar shekarar. Ɓarayin ƙarfe kuma sun fi samun sarari a dogon da ciyawa ta rufe, inda babu jirgi babu ma'aikaci mai zagaye.

Tun Maris 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, harkar jirgin ƙasa ta zama ta tarayya da jihohi baki ɗaya. Saboda haka gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe ba su da uzurin cewa aikin Abuja ne. Su zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a duba dogon daga Kano har Nguru, a gyara inda ya lalace, a samo kan jirgi mai lafiya da taragu masu tsafta. A liƙa jadawali a kowace tasha, a sanar a rediyo, a cika alkawari: in an ce ƙarfe bakwai, ya zama ƙarfe bakwai. A yi shekara biyu a haka ba fashi, ana buga adadin tikitin da aka sayar duk wata kowa ya gani. Bayan nan malamin ya zo mu yi muhawara a kan alƙaluma na gaskiya. Kafin wannan lokaci ba shi da ƙidayar da zai kafa hujja da ita, kuma bai kamata a yanke wa mutanen garuruwan nan hukunci da zato ba.