Me Ake Nufi da "Bizines"? Darasi Daga Turanci da Farisanci

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Na'isa da hantsi, lokacin da mutanen cikin birni ke kwararowa zuwa titin Jami'ar Bayero, ya kuma tambaye su inda suka dosa, da wuya bai ji kalmar "bizines" ba. Mai zuwa Kantin Kwari sarin atamfa zai ce bizines za shi. Mai shagon gyaran waya bizines yake yi. Wanda ya haɗa mai fili da mai saye yana jiran la'adarsa, shi ma bizines ne ya fito da shi. Wanda kuma ba ya son a san abin da yake ciki, in aka matsa masa, sai ya ce, "Wani ɗan bizines ne." Da kakannin waɗannan mutane aka tambaya, da an ji amsoshi huɗu mabambanta: sari, da sana'a, da dillanci, da wata harka. Wannan sauyi ya cancanci a dube shi da idon basira, domin kalma ɗaya ta baƙunci tana neman ta shanye gurbin kalmomi da yawa na gida, kuma asarar ba ta tsaya a kan ƙamus ba. Ta kai ga takardar yarjejeniya da rabon gado.

Asalin kalmar a Turanci

Kalmar da Turawa ke rubutawa "business" ba ta fara rayuwa a kasuwa ba. A tsohon Turanci na ƙarni na 10, a arewacin Ingila, ana rubuta ta "bisignes", ma'anarta kuwa damuwa ko ɗawainiyar da ta cika zuciya. Tushenta shi ne sifar nan "busy", watau wanda aiki ya sha wa kai. Zuwa ƙarni na 14 ta koma nufin aikin da mutum ya sa a gaba, kuma sai a ƙarni na 18 ma'anar saye da sayarwa ta kafu sosai. Irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a harsunan duniya. A Latin, kalmar ciniki ita ce "negotium", wadda asalinta ke nufin rashin hutu.

A yau kalmar tana ɗauke da ma'anoni aƙalla bakwai. Tana nufin saye da sayarwa gaba ɗaya. Tana nufin shago ko kamfani shi kansa. Tana nufin yawan cinikin da aka yi a rana ko a wata. Tana nufin al'amari ko matsala. Tana nufin batutuwan da majalisa za ta tattauna a zamanta. Tana nufin abin da ya shafi mutum, domin da ita Bature ke cewa "ba ruwanka". Sa'an nan tana nufin fannin ilimi da ake karantawa a jami'a. A Nijeriya ma an ƙara mata ta takwas, saboda tun shekarun 1990 allon "Business Centre" ba ya nufin komai sai wurin buga takardu da yin hotonsu. Bature yana gane ma'anar da ake nufi daga zubin jimla. Bahaushen da ya ari kalmar kuwa ya ɗauko ta ne tsirara, ba tare da wannan zubi ba.

Yadda Farisawa suka yi da ita

Farisanci, harshen mutanen Iran wanda ake kuma magana da shi a Afganistan da Tajikistan, abin kwatance ne mai kyau. Shi da Turanci dangi ne na nesa, amma kamar Hausa ya sha daga Larabci ƙwarai, masu shi kuma sun daɗe da ayari da kasuwa. Kalmomin "bazaar" da "caravan" na Turanci daga gare su aka samo.

Ƙamusun Turanci zuwa Farisanci ba ya ba da fassara ɗaya ga wannan kalma. Akwai "tijarat", daga Larabci, wadda ita ce ta shari'a, kuma da ita aka sa wa dokar kasuwancin Iran ta 1932 suna. Akwai "bazargani", daga "bazar", kasuwa, da "bazargan", ɗan kasuwa. Da ita ake kiran majalisar 'yan kasuwa, da ita kuma aka riƙa kiran ma'aikatar ciniki har zuwa 2011 da aka haɗe ta da ta masana'antu. Akwai "dad o sitad", watau bayarwa da karɓa, wadda ta yi daidai da saye da sayarwa na Hausa. Akwai "mu'amala" ga ciniki guda da aka ƙulla. Akwai "shugl" ga aikin da mutum ke ci da shi. Wannan ta ƙarshe abin lura ce, domin daga tushen Larabci ɗaya Hausa ta sami shagala da shagali. Farisawa sun ja kalmar zuwa wurin aiki, Hausawa sun ja ta zuwa wurin biki.

Ga ma'anar zamani kuwa, watau harkar neman kuɗi mai tsari, ƙarama ko babba, sun tsaya a kan "kasb o kar". "Kasb" Larabci ce, nema ko samu. "Kar" tasu ce, aiki. Ba su ƙago sabon sauti ba, tsofaffin kalmomi biyu suka ɗaure wuri ɗaya. Haƙiƙa samarin Tehran su ma suna cewa "bizines" a hira. Amma a littafin makaranta da jarida da takardar hukuma, kalmar gida ce ke aiki. Hakan bai rasa nasaba da cewa tun 1935 ƙasar take da hukumar kula da harshe, Farhangistan, wadda aka sake kafawa a 1990.

Dukiyar da Hausa ke da ita

Kano ba ta jira Turawa ba kafin ta san ciniki. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar da birni mai rini da saƙa da fatauci har bakin hamada da bayanta. Al'ummar da ta yi ƙarnoni a wannan hali dole harshenta ya rarrabe abubuwa dalla-dalla.

Kasuwanci shi ne babban suna. Ciniki shi ne tayi da sallamawa tsakanin mutum biyu, wanda ke faɗawa ko ya watse da "albarka". Fatauci na nesa ne, irin na fataken da ke bin madugu zuwa Gwanja ɗauko goro. Sari sayen kaya ne da yawa domin a sayar. Kiri da talla yawo ne da kaya. Koli na masu ƙananan kaya ne irin su allura da madubi. Dillanci shiga tsakani ne, ladarsa la'ada. Sana'a ta haɗa da ƙira da jima da ɗinki, inda hannu ne jari. Ga sauran ma'anonin kuma akwai harka, da sha'ani, da al'amari, da hidima. Kowace ɗaya tana faɗa wa mai sauraro abin da "bizines" ke ɓoyewa: ko kayan na mutum ne ko na wani, ko riba yake jira ko la'ada, ko a zaune yake ko a tafe.

Inda gizo ke saƙa

Wurare biyu ne wannan ruɗani ya fi yin ɓarna. Na farko shi ne rajista. Dokar kamfanoni ta Nijeriya, wadda aka yi a 1990 aka kuma sabunta a 2020, ta bambanta rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani. Wanda ya yi ta farko, shi da harkarsa abu ɗaya ne a idon doka. In bashi ya hau shago, ya hau kansa, kuma mai bin bashi yana iya bin dukiyarsa ta gida. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa doka tana ɗaukarsa tamkar wani mutum dabam, yana mallaka, yana cin bashi da sunansa, kuma ba ya mutuwa da mutuwar wanda ya kafa shi. Magada hannun jari suke gada, ba sai an raba kantoci da kaya ba. Mutumin da ya ce "na yi wa bizines ɗina rajista" bai faɗi wanne ya yi ba, kuma sau da yawa shi kansa bai san da bambancin ba sai ranar da ta ɓaci. A garin da aka sha ganin babban gidan kasuwanci ya watse bayan rasuwar mai shi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na biyu shi ne amana. Idan aka ce wa mutum ya kawo kuɗi a sa a bizines, ba a gaya masa komai ba. Da an ce sarin hatsi za a yi a Dawanau, da ya tambayi buhu nawa, nawa ake sayarwa, ina rumbun yake. Kalmar da ba ta da iyaka tana kashe irin waɗannan tambayoyi, shi ya sa ta yi wa 'yan damfara daɗin baki.

Hausa ma tana da nata gyambon, wanda ya kamata a faɗa. Kalmomin Larabci biyu, "ribh" ta halattaccen samu da "riba" ta haramtaccen ƙari, sun zo sun yi sura ɗaya a rubutun boko. Farisanci ya raba su: "sud" ga samu, "bahra" ga kuɗin ruwa, "riba" ga abin da shari'a ta hana. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, bayanin banki maras kuɗin ruwa ya zama abin yau da kullum a rediyo, don haka buƙatar tsayar da kalmomi a wannan fage ta ƙaru.

Hujjar masu ganin ba komai

Akwai masu cewa aro ɗabi'ar harshe ce, kuma suna da gaskiya. Kasuwa kanta baƙuwa ce. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa ta shigo Hausa ta hannun Barebari, asalinta kuwa "suƙ" na Larabci. Attajiri da dillali da sana'a da harka duk Larabci ne. Kanti da kamfani da banki Turanci ne. Shayin da ake sha a gindin ganuwa ma sunansa ya taso daga Sin, ya bi ta Farisanci da Larabci kafin ya iso. Wanda ya ce a kori baƙin kalmomi zai bar Bahaushe ba bakin yin ciniki.

Amma ba a nan muhawarar take ba. Ma'aunin aro mai amfani shi ne ya kawo bambancin da babu shi a da. Kamfani ya kawo wani abu da fatauci bai ƙunsa ba, banki ya kawo abin da adashi bai ƙunsa ba, saboda haka suka zauna lafiya. "Bizines" kuwa ba ta cike gurbi ba, gurabe ta share. Ga ta kuma da daɗin faɗa, har da ɗan ƙamshin wayewa, ta yadda saurayi zai fi son a ce yana bizines a kan a ce yana talla, alhali tiren da ke kansa ɗaya ne.

Abin da ya kamata a yi

Ba wanda zai iya hana mutane faɗar abin da suka ga dama a bakin titi, ba kuma a bukatar haka. Aikin yana kan masu rubutu da fassara da koyarwa. Da farko, mai fassara a gidan rediyo ko jarida ya daina neman kalma ɗaya da zai riƙa maye gurbin ta Turanci da ita kullum. Ya dubi ma'anar da ke cikin jimla, ya zaɓi ciniki ko sana'a ko sha'ani. Kayan aikin suna nan: ƙamusun Bargery na 1934, da na Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Na biyu, inda akwai giɓi na gaske, a bi hanyar "kasb o kar", a haɗa kalmomin gida. Hausa ta riga ta gwada hakan ta yi nasara. Hannun jari da kuɗin ruwa da tattalin arziki duk haka aka gina su, kuma yau ba mai jin su baƙi. Abin da ya rage shi ne malaman harshe su zauna da malaman shari'a da na kasuwanci, da 'yan kasuwar Kwari da Kurmi su kansu, a tsayar da sunaye tabbatattu ga nau'o'in rajista da yarjejeniya, a kuma buga su a ɗan littafin da zai shiga aljihu.

Na uku, hukumomin da ke yi wa 'yan kasuwa rajista da bankunan da ke ba su rance su fitar da bayaninsu da Hausar da aka tace, domin wanda zai sa hannu a takarda yana da haƙƙin ya san abin da ya ɗaura wa kansa.

Kammalawa

A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Motoci sun sami hanya, amma ginin ƙasa na da ya tafi ke nan. Kalmomi ba sa bukatar katafila kafin su rushe. Ya isa a yi shekaru ashirin yara ba su ji su a bakin manya ba. Sari da kiri da koli da fatauci har yanzu suna raye a cikin birni, kuma tun suna raye ne ya kamata a shigar da su littafin makaranta da takardar hukuma. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.