Gori Ba Ya Rage Ƙiba

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ya kamata a tsawata a kanta, watau yi wa mai ƙiba gori. In ya shiga mota a ce ya biya kuɗin mutum biyu. In ya je asibiti da ciwon ciki, tun bai rufe baki ba a ce masa ya rage ci. Masu yin haka suna tsammani ƙiba haɗama ce da ragwanci kurum. Lalle sun yi kuskure.

A shekarar 1986 wani likitan Amurka, Albert Stunkard, da abokan aikinsa suka ba da labarin binciken da suka yi a kan mutum 540 a ƙasar Denmak, waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Suka tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na mariƙansu ba, alhali kuwa daga tukunyar mariƙan suka ci har suka girma. To, ina laifin haɗama a nan? A 1994 kuma Jeffrey Friedman ya gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa. Da mutum ya rame sai sinadarin ya ragu, yunwa ta taso masa gadan-gadan, jiki na neman mayar da abin da ya rasa.

Ba mu ce ƙiba ba ta da lahani ba. Tana jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma irin cimar mutum da motsa jiki suna da nasu rabo. Amma wanda aka kunyata a gaban likita ba ya son komawa, sai ya yi zamansa a gida har ciwon ya ci ƙarfinsa.