Gargaɗin Guguwar Ƙanƙara: In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

A kowace shekara ɗaliban ƙasar nan da ma'aikatan Gwamnati masu yawa kan tafi ƙaro ilmi ko yin kwas a Amurka, Kanada, Ingila da sauran ƙasashen sanyi. Yawancinsu ba su taɓa ganin sanyin da ya wuce na hunturu ba, saboda haka wajibi ne su san irin haɗarin da ke jiransu tun kafin su taka jirgi.

Abin da ya faru a birnin Bafalo na Jihar Niyok ya isa zama darasi. Daga ranar 23 ga Disamba, 2022, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe birnin kwanaki da dama, ta zubar da dusar da tudunta ya wuce mita 1, mutane fiye da 40 suka halaka a yankin. An tsinci wasu a cikin motocinsu, wasu a bakin titi, wasu kuwa a gidajensu bayan wutar lantarki ta ɗauke. Abin baƙin ciki shi ne masana yanayi sun yi gargaɗi kwanaki kafin faruwar abin, amma dokar hana tuƙi ba ta fara aiki ba sai da safiyar ranar, bayan jama'a da yawa sun riga sun fita wajen aiki.

A Amurka ba a yin irin wannan gargaɗi sai an tsammaci iska mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, tare da dusar da za ta hana mutum hangen abin da ya wuce mita 400, har tsawon awa 3. A irin wannan hali mutum na iya ɓacewa tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi. Don haka duk wanda ya ji sanarwar, abin da ya kamace shi shi ne ya zauna a gida, ya tanadi abinci, ruwa, magani, tocila da bargo na kwana 3.

Wanda guguwar ta rutsa da shi a hanya kada ya bar motarsa. Ya riƙa tayar da injin kamar minti 10 a kowace awa don samun ɗumi, bayan ya tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba, ya kuma ɗan sauke gilashi. Tufafi kuwa a sa su kashi-kashi, a rufe kai, kunne, hannu da ƙafa, a cire duk rigar da ta jiƙe. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, sai ya fara ruɗewa da jin barci, kuma lalle a nema masa likita nan da nan. Yatsun da suka daskare ba a murza su, ba a kai su bakin wuta. Ruwa mai ɗumi ake sa su.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin ɗaki. A lokacin sanyin da ya auka wa Jihar Teksas a watan Fabrairu, 2021, inda hukuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, wasu iskar guba ce ta kashe su, wadda ba ta da launi ko wari, take fitowa daga janareto, gawayi ko motar da aka kunna a rufaffen wuri. Wannan gargaɗi ya shafi har masu kwana da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu a nan gida.

Bisa ga haka, ya kamata hukumomin ba da tallafin karatu da ma'aikatun da ke tura ma'aikata waje su riƙa yi wa masu tafiya cikakken bayani, su kuma biya su kuɗin tufafin sanyi a kan lokaci. Ofisoshin jakadanci su ma su san inda kowane ɗalibi yake. Ƙasa ta kashe dukiya wajen ilmantar da waɗannan matasa, iyayensu kuma na jiran dawowarsu lafiya.