Kalangu Ya Ƙi Shiga Akwatin Kwamfuta

Wata magana ta yi yawa a bakin manya, daga Agye har Gidan Rumji: wai samarin yanzu sun guje wa kiɗan gargajiya don lalaci, sun koma danna kwamfuta. Masu wannan zargi ba su taɓa zama gaban FL Studio ko Cubase ba, manhajojin da ake haɗa kiɗa da su. Da sun zauna, da sun sassauta harshe.

Yaron Gazawa da ya yi boko da Faransanci, in ya buɗe manhajar, ɗaruruwan maɓallai ke tarbarsa, akasari da Ingilishi. Kafin ya ɗauki murya ɗaya sai ya daidaita makirufo, ya gano hanyar da sauti zai bi. Kuskure guda, lasifika ta yi tsit, manhajar kuma ba ta gaya masa inda ya ɓata. Ana cikin haka a ɗauke wuta.

Wannan duk somin taɓi ne. Cubase daga Jamus ya fito a 1989, FL Studio daga Beljiyam, kuma dukansu a kan ma'aunin fiyano aka ɗora su: amo 12 tsayayyu, da bugu huɗu-huɗu da ke jiran mutum tun bai taɓa komai ba. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata, amo ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa. Goge ma tsakanin amo yake zamewa. Ana iya sauya ma'aunin, hakika, amma hanyar na binne inda sabon shiga ba ya kaiwa. Sai ya ɗauki gangar da aka ajiye masa, Auto-Tune ya daddale abin da ya rage na muryarsa. Shi ya sa kunne ke wahalar raba sabuwar waƙar biki ta Maraɗi da ta Kano.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. To, ina sunayen waɗannan maɓallai da Hausa? Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya tana can Yamai, tafiyar yini guda a mota. Ƙungiyoyin al'adu da ke kukan mutuwar gargajiya a kowane taro, su fara da ɗan littafin kalmomi, malamai su tsara shi tare da masu situdiyo. Sannan a bi ƙauyuka a naɗi bugun kalangu da gurmi daga hannun masu su, a biya su, a zuba wa yara cikin na'ura.