An ɗora wa birane kaya, ina gammo?

Ran 30 ga watan Agusta na 2024 ruwa ya sauka a Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, wajen milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Kwana huɗu bayan haka, ran 3 ga Satumba, tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. Daminar wannan shekara ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin Nijar, ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya, har sai da aka jinkirta komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwa na Allah ne, babu mai tsai da shi. Amma hanyar da zai bi idan ya shigo gari aikin mutum ne, kuma doka ta faɗi sunan mai aikin: ma'aikatar magajin gari.

Saboda haka ya kamata a tambaya: ranar da shugabannin birane suka samu zama da masu rubuta dokokin ƙasa, wace buƙata za su sa gaba? Tun watan Afrilu na 2024, da aka rusa majalisun garuruwa da na jihohi, kantomomi ne ke riƙe da ƙananan hukumomi. Wannan bai sake komi ba game da tambayar. Zaɓaɓɓe ne ke bisa kujera ko naɗaɗɗe, aljihun gari ɗaya ne, kuma dokar kasafin kuɗin ƙasa da ake tsarawa kowace shekara ita ke faɗin abin da zai faɗa cikinsa.

Wajen takarda kam Nijar ba ta yi ƙwauro ba. Tun 1964 doka ta raba ƙasa jihohi da gundumomi da garuruwa. A 2002 aka yi dokokin sauko da mulki kusa da jama'a, ran 24 ga Yuli na 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi 265. A watan Satumba na 2010 doka mai lamba 2010-54 ta tattara ƙa'idodinsu wuri guda, aka kuma ba Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa matsayi na musamman, aka raba su da'irori: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. A watan Janairu na 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani kashi na aikin ilmi, da lafiya, da ruwan sha, da kiyaye muhalli. Takardun sun ce duk aikin da aka miƙa, a miƙa shi tare da guzurinsa. Kayan dai sun iso. Gammon ne ake ta dube-dube.

Domin a gane inda gizo ke saƙa, sai a duba inda kuɗin gari ke fitowa. Tukunya biyu ce. Ta farko ita ce wadda gari ke tarawa da hannunsa: lanhon da magidanta ke biya, tikitin kasuwa, kuɗin tashar mota, na mahauta, na rumfuna da allunan talla, na takardun da ake sa wa hannu a ma'aikata. Waɗannan kuɗi ne na dala-dala, masu wuyar tari, kuma kafin su kai akwati sun bi ta hannuwa da yawa. Tukunya ta biyu ita ce mai nauyi: patantin ƴan kasuwa, da harajin gidaje da filaye, da makamantansu. Waɗannan ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓar su, su shiga baitulmali, sannan a mayar wa gari rabonsa. Ka'idar kuwa ita ce akwatin gwamnati ɗaya ne, kuɗin gari ma can suke kwana. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya biya patanti yana ganin ya biya garinsu. Da gaskiyarsa. Sai dai kuɗin nasa sun shiga babban kogi, kuma ranar da za su fito ta mashigin Maraɗi, wannan sai abin da baitulmali ya ce.

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar gari ya san abin da jinkiri ke haifarwa. Albashin masu shara da masu gadi yakan taru. Ɗan kwangilar da ya jira shekara bai ga kuɗinsa ba, idan aka sake kiransa sai ya ƙara farashi, ya haɗa da ladan jira. Mafi muni shi ne aikin da ke da lokaci. Yasar kanibo da kwashe juji daga bakin magudana aikin bazara ne, na Afrilu da Mayu, kafin hadari ya haɗu. Kuɗin da suka iso a watan Oktoba, ko cikakku ne, sun tarar da ruwa ya gama ɓarnarsa. Manomin da aka kawo wa iri bayan an yi girbi, shi ma ai an ba shi iri.

To gari mai yunwa ina zai sa hannu? Sai ga abu guda da ke kawo kuɗi nan take, wato ƙasa. A yanka gonakin bayan gari, a buga turaku, a saida filaye, a biya albashi. Shekara da shekaru haka biranen Nijar suka riƙa toshe ramin kasafinsu. Gwamnati kanta ta taɓa bin wannan hanya a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikata wani kashi na bashin albashinsu da filaye. Fili kuwa sau ɗaya ake saida shi, amma wahalarsa ba ta ƙarewa. Kowace sabuwar unguwa tana son hanya, da fanfo, da makaranta, da asibiti, da magudanar ruwa, alhali kuɗin da aka saida ta an riga an cinye su. Sai a sake yanka wata domin a yi wa ta farko aiki. Da filin kirki ya yi ƙaranci, sai ido ya koma ga fadama da tsohon gulbi da gefen tabki, wuraren da kakanni suka bar wa ruwa da saninsu. Dajin da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 domin ya tare iska da rairayi, mai faɗin kusan eka 2,500 ta awon gwamnati, gine-gine sun ci babban kashi nasa ta wannan hanya. Ba za a ce duk gidan da ya faɗi a 2024 laifin masu yankan fili ba ne, gama ruwan ya wuce misali. Amma wanda ya gina cikin hanyar ruwa, ko ba jima ko ba daɗe mai hanya zai zo.

Shi ya sa buƙatar farko da ta dace birane su kai gaban masu doka ba ta da ado ko kaɗan. A rubuta cikin doka ranar da rabon gari zai shiga hannunsa, wata-wata ko bayan kowane wata uku, a kuma tanadi abin da zai biyo baya idan ranar ta wuce. A buga adadin abin da aka karɓa da sunan kowane gari da abin da aka mayar masa, yadda kantoman Tawa zai san abin da yake bi, ba sai ya tashi takanas zuwa Yamai yana bin ofisoshi da hula a hannu ba. Wannan buƙata ba ta ƙara wa talaka haraji ko na dala ɗaya. Kuɗi ne da doka ta riga ta ce na gari ne.

Akwai darasi cikin dokar ma'adinai ta 2006 da ta man fetur ta 2007. Dukansu sun ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake samu domin ƙananan hukumomin jihar da ake haƙo arzikin. Magana ce mai daɗin ji, an yi mata tafi. Amma shekaru da dama garuruwan Agadas da na Difa suna kukan rabon bai iso kan kari ba, bashi yana ta taruwa. An faɗi kashi, ba a ɗaure lokaci ba. Haka kuma hukumar ANFICT, wadda doka ta kafa a 2008 domin tallafa wa ƙananan hukumomi da daidaita tsakanin masu hali da marasa hali, ta yi shekaru kafin ta fara aiki sosai, kuma abin da take rabawa ya dogara ga abin da kasafin kowace shekara ya ga damar zuba mata. Da doka ta tsai da wani kashi sananne na kuɗin shigar ƙasa wanda ba a taɓawa, da kowane gari ya iya tsara aikin shekara uku ba tare da duban bakin kowa ba.

Ciwon ba na Nijar kaɗai ba ne. A maƙwabciya Nijeriya, inda kuɗin ƙananan hukumomi 774 suka daɗe suna bi ta hannun gwamnonin jihohi, sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su rabonsu kai tsaye. Tsarin mulkin ƙasashen biyu ya bambanta, amma kukan iri ɗaya ne: kuɗin da suka kwana a gidan babba ba su cika fitowa da wuri ba.

Wata buƙatar da ke bin wannan ita ce ta kuɗin gyara. Jama'a ba su manta da bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa kewayawa da su jiha-jiha ba: Maradi Kolliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an yi gine-gine, garuruwa suka yi kyan gani, kuma babu mai musun amfanin wannan. Sai dai baƙi suna watsewa, ƙwan fitilar da ya mutu da rairayin da ya rufe kwalta suka koma wuyan gari. Wanda aka ba kyautar doki, idan ba shi da harawa, an ba shi aiki. Ya kamata doka ta ce duk babban aikin da gwamnati ko abokan hulɗa za su yi cikin gari, a lissafa kuɗin kula da shi tun kafin a aza tubalin farko, a kuma faɗi wanda zai biya.

Masu riƙe da baitulmali suna da tasu amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ƙasa na ɗauke da nauyin tsaro, ga albashi, ga bashi, kowace tamma da inda ake jiran ta. Suna kuma cewa an ga abin da wasu magadan gari suka yi da ɗan abin da ya shiga hannunsu. Ba a manta ba majalisar ministoci ta tuɓe magajin garin Yamai a 2013, ta sake tuɓe wani a 2017, ban da na ƙananan garuruwa da dama. Game da maganar farko, abin da ake nema ba ƙari ba ne, tsari ne, kuma gyaran abin da ambaliya ta rushe, da ciyar da waɗanda ta kora makarantu, ya fi yasar kanibo tsada nesa ba kusa ba. Game da ta biyu, idan mai ajiya ya yi ha'inci, shi ake kamawa, ba a hana dukan gari abinci. Akwai masu binciken kuɗi, akwai kotuna, sai a sa su aiki.

A nan ne birane za su nuna da gaske suke. Gari mai son a ɗaure gwamnati da rana, sai ya yarda a ɗaure shi da irin wannan igiya. Shi da kansa ya kamata ya roƙi doka ta wajabta masa lika lissafinsa a ƙofar ma'aikata da bakin kasuwa, abin da ya shiga da abin da ya fita, da Faransanci da kuma harsunan ƙasa. Dubban manya, maza da mata, sun sha wahalar zaman yaƙi da jahilci da dare bayan aikin yini, sun iya karatu da lissafi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Me ya fi dacewa su karanta da wannan ilmi in ba lissafin kuɗinsu ba? Mai saida tumatir da ake yanka wa tikiti kowace safiya, ranar da ta ga jimillar tikitin kasuwarsu a rubuce, ta ga kuma an sayi amalanken shara da shi, gardamarta da mai tikiti za ta ragu. Haka nan kuɗin saida fili: doka ta hana a biya albashi da su, a tsare su domin hanya da ruwa da magudanar unguwar da aka yanka, a kuma shata wuraren da ba za a taɓa yankawa ba ko da aljihu ya bushe.

Sauran abu guda, shi ne ƙidaya. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan ɗaya a Yamai, fiye da 260,000 a Maraɗi. Daga wancan lokaci an haifi yara, ƴan ci-rani sun zauna, waɗanda fitina ta koro daga ƙauyukansu sun shigo. Rabon da aka auna da tsohon mudu ba zai ishi gidan da ya ƙaru ba, don haka dokar rabo tana son a riƙa sabunta ma'auninta.

Jerin buƙatun birane yana da tsawo, kuma kowane kantoma yana da sabuwar kasuwa ko tasha da yake mafarki. Idan aka kai su duka gaba ɗaya, za a karɓa da fara'a, a sa cikin akwati. Gara a shiga da guda ɗaya wadda za a iya rubutawa cikin layi biyu na dokar kasafi, kowa kuma ya iya dubawa ko an cika ta: rabon wata ukun farko na shekara ya kasance a hannun Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai kafin ƙarshen Afrilu, lokacin da kanibo yake a bushe, ana iya shiga a yashe shi da shebur.