Wasiƙa ga masu gashin ƙashi na Kafur da kewaye



Takardu biyu nake so mu daina ɗauka ɗaya ce: lasisin sana'a da izinin aiki. Lasisi shaida ce cewa hannunka ya isa ya taɓa mara lafiya. Izinin aiki kuwa yardar ƙasa ce ka ci albashi a cikinta. Hukumominsu daban, kuma samun ɗaya ba ya tsaya maka a ɗayar.

Mai niyyar Ingila, sai ya yi rajista da hukumar HCPC kafin ma ya kira kansa fisiyo, wato mai gashin ƙashi, a can. Daga nan asibiti ya ɗauke shi, ya ba shi takardar ɗaukar nauyi, sannan biza. Najeriya tana jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiya sun yi musu kaɗan, don haka ba a yarda dillalai su zo farautarku ba, kai da kanka za ka nema. Wanda ya ce a kwashe masarar Baba a kai kasuwar Funtuwa a ba shi kuɗin takarda, ku yi nesa da shi.

Saudiyya ta fi tayar mini da hankali, don can zuciyarmu take. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Sai kamfanin DataFlow ya tantance takardunka, hukumar lafiyarsu ta yi maka rajista, kafili ya fitar maka da igama, wato takardar zama. Ga yadda fitinar take somawa: wata Hajiya a Makka, ɓarin jikin maigidanta ya shanye, ta ce, "Ɗana, zo ka riƙa miƙe masa ƙafa," ta damƙa maka riyal. Tausayi ga kuma buƙata, sai ka amsa. Ranar da tsohon ya zame a hannunka ya karya ƙugu, wa zai tsaya maka? Kamu ne, sai tisa ƙeya gida, kuma a hana ka komawa.

Ƙannena da kuka karanto a Masar, Indiya ko Sudan, musamman waɗanda yaƙin Sudan na 2023 ya koro, dawowa gida ba lasisi ba ce. Hukumar MRTB ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, ita ce za ta yi muku rajista. Na san manoman da ciwon baya ya tanƙware da 'yan acaɓar da suka karye a hanyar Malumfashi za su yi ta sallama a ƙofarku. Ku tura su asibiti, ku kuma ku je ku gama da hukumar tukuna.

Wassalam.