ZAUREN IYALI: Ajin da ya shigo gida ba sallama

A fitowar da ta gabata na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar kuɗin littattafan yara, to amma wani al'amari ya sha gabanta, ina roƙon a yi mini uzuri. Ɗiyar ƙanwata ce, wadda ke koyar da Faransanci a wani kolaji mai zaman kansa a Yamai, ta zo mini da kuka bayan sallar la'asar, kuma tun da ta tafi maganar ba ta bar raina ba.

Makarantar tasu ta tsara karatun dare ga yaran da ke shirin jarrabawar BEPC. Sau uku a mako, bayan isha'i, malami zai zauna a gidansa ya kunna wayar salula, yara su gan shi su ji shi kai tsaye daga gidajen iyayensu. Iyaye sun yi murna, domin yaro ya huta da yawon dare, su kuma sun huta da kuɗin kabu-kabu. Ita kuwa malamar ɗaki ciki da falo gare ta a gidan haya, ga miji, ga yara biyu, ga uwar miji da ta zo jinya daga ƙauye. Wani dare tana tsakiyar bayani, tsohuwar ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji ta gitta ta bayanta, ba ta san yara fiye da talatin na kallon falon ba. Wani yaro ya ɗauke hoton. Kafin kwana biyu hoton ya zama abin barkwanci a WhatsApp, an rubuta masa magana a ƙasa, har ya isa wayar wani abokin aikin mijin.

"Kawu," in ji ta, "ban san ta inda zan fara ba Inna haƙuri ba, domin ba ta ma san abin da ya faru ba. Shi kuma ya ce in an sake kunna wannan abu a gidansa, sai in zaɓa." Da ta kai kuka wurin darakta, ya jajanta mata, ya tsawata wa yaron, sannan ya ce iyaye sun biya kuɗi ne don ƴaƴansu su ga fuskar malami, in ba za ta iya ba akwai masu jira.

Kakanninmu da suka gina gida da zaure ba don ado suka yi ba. Zaure shi ne iyakar baƙo, nan ake sallama, nan ake ciniki, nan ake sulhu, nan kuma malami ke shimfiɗa buzunsa. Magidanci na iya shekara goma yana ɗaukar karatu a zauren malam bai taɓa ganin tsakar gidansa ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan ya rage albarkar karatun. Addini ma da haka ya zo. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 58 kuma ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan isha'i. Mai karatu ya lura, na ukun nan shi ne daidai lokacin da aka zaɓa wa ɗiyar tawa ta buɗe falonta ga aji guda. Malamanmu sun karantar da mu cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. To kamerar waya ido ce, kuma ta fi idon mutum haɗari, domin mutum yakan gani ya manta, ita kuwa takan gani ta ajiye, ta kuma miƙa wa wanda bai zo wurin ba.

Kada a ɗauka wannan kukan namu ne mu kaɗai, mu masu kulle da mayafi. Turawa sun riga mu yin sa. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantun duniya a shekarar 2020, miliyoyin malamai sun wayi gari ɗakunan kwanansu sun zama azuzuwa. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta hanyarsa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, ba a kuma jima ba ɓarna ta fara. Ranar 30 ga Maris 2020 ofishin ƴan sandan ciki na Amurka, wato FBI, da ke birnin Boston ya fitar da gargaɗi, ya ba da misalin wata sakandare a jihar Masacusets inda wani da ba a san ko wane ne ba ya kutsa cikin darasi, ya yi ashar, sannan ya ɗaga murya ya faɗi adireshin gidan malamin a gaban ɗalibai. A watan Afrilu ƙasar Singafo ta dakatar da malamanta daga amfani da Zoom na ɗan lokaci, bayan wasu sun shiga darasin labarin ƙasa sun nuna wa yara hotunan batsa. Makarantun gwamnati na birnin Niyok su ma sun yi irin wannan dakatarwa a watan.

A Ingila kuwa, babbar ƙungiyar malaman ƙasar, NEU, ta shawarci mambobinta a farkon annobar da kada su watsa darasi kai tsaye daga gidajensu. Wasu jaridu da wasu iyaye suka ce lalaci ne kawai, malamai na neman cin albashi a kwance. Ni ban ga lalaci a ciki ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san cewa a aji malami na iya yin kuskuren lafazi, yara su yi dariya, a wuce wurin. Idan aka naɗi kuskuren, aka yanke gabansa da bayansa, aka saki daƙiƙa goma a duniya, ya zama tambarin da zai bi mutum har wurin neman wani aiki.

Shari'ar da ta fi jan hankalina ita ce ta jihar Hessen a Jamus. A 2020 hukumar ilimin jihar ta ba da damar yaran da ba za su iya zuwa makaranta ba su bi darasi ta bidiyo kai tsaye, ta kuma sa sharaɗin sai an nemi yardar iyaye, ko ta ɗalibin in ya balaga. Amma ba ta ce a nemi yardar malamin da za a watsa fuskarsa da muryarsa ba. Majalisar wakilan malamai ta kai ƙara kotun birnin Wisbadan, ita kuma ta nemi fatawar kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur. Ranar 30 ga Maris 2023 kotun ta yanke cewa watsa hoto da muryar malami ta wannan hanya ya shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018. Kotun ba ta haramta darasin bidiyo ba, sauran hukuncin ma ta bar wa kotun Jamus. Abin da ta tabbatar shi ne, fuskar malami ba kujerar aji ba ce da makaranta za ta juya yadda ta ga dama don ta biya albashi. Kuma a lura, wannan duk a kan malamin da ke tsaye cikin ajin makaranta ne, ina ga wanda ke zaune a falonsa?

Mu nan Nijar guguwar 2020 ba ta taɓa mu sosai ta wannan fuska ba. An rufe makarantu ranar 20 ga Maris, aka buɗe ranar 1 ga Yuni, kuma a tsakani gidajen da ke da intanet mai ɗaukar bidiyo ba su da yawa. Yanzu ne abin ke shigo mana a hankali, ba da umurnin gwamnati ba, ta hanyar karatun dare, da malaman gida masu shirya yara jarrabawa, da malaman Alƙur'ani, maza da mata, masu karantar da ƴaƴan ƴan uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka ta waya. Kuma rufe makaranta bai ƙare da korona ba: a 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa karatu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Duk ranar da irin haka ta sake faruwa, makarantun kuɗi za su ce wa malamai su kunna waya.

Abin mamaki, ƙasarmu na cikin na farko a Afirka da suka gwada karatu ta hoto. Tun 1964 aka fara talabijin ta makaranta a Nijar, yara na zaune a aji suna kallon darasi a akwati. Amma a ɗakin ɗaukar shiri ake haɗa darussan, wuri ne da aka gina don aikin, mai koyarwa ya zo ya yi nasa ya koma gidansa. Mutanen wancan zamani, da ƙarancin kayan aikinsu, ba su ce a kai na'ura ɗakin matar kowa ba.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika magana a kanta ba, wato lambar waya. Duk wanda ke cikin rukunin WhatsApp na aji yana iya ganin lambar malama, kuma in ba ta gyara saitin wayarta ba, yana ganin hotonta. Wayar da yaro ke karatu da ita galibi ba tasa ba ce, ta yayansa ce ko ta wani ɗan haya a gidan. Ɗiyar tawa ta nuna mini saƙonnin tsakar dare daga lambobin da ba ta sani ba, wasu gaisuwa, wasu abin da ba zan rubuta a nan ba. Matar aure ce. Kowa ya san abin da irin wannan saƙo ke haifarwa in miji ya riga matarsa ganinsa.

Ban manta da hujjar iyaye ba, ni ma uba ne. Yaro ya fi mai da hankali idan yana ganin malaminsa, darasin harshe kuwa yana buƙatar a ga yadda baki ke furta sauti. Wanda ya cire kuɗin cefane ya biya karatun dare yana da haƙƙin ya tabbata ana yin aikin. Akwai ma wata hujja mai nauyi: darasin da iyaye ke iya leƙawa ya fi aminci ga yaro a kan ganawar malami da ɗalibi su biyu a ɓoye. Duk na yarda. Sai dai ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a ga gadon malama, ko tukunyarta, ko surukarta. Kuma iyayen su tuna kamerar gaba biyu gare ta, yadda ake ganin falon malami haka ake ganin tsakar gidansu, da tabarmar da ta yage, da faɗan da ake yi a bayan yaro, duk abokan ajinsa na ji.

Abin da nake gani shi ne makaranta ta gina wa wannan sabon karatu zaurensa. Makarantar da ta karɓi kuɗin darasi ta ware aji ɗaya mai wuta da allo inda malami zai tsaya ya yi aikinsa, ko da za a matso da lokacin zuwa kafin magariba. In dole sai daga gida, a bar wa malami zaɓi: ya juya kamera ta kalli takardar da yake rubutu a kai, ko ya jingina da bango, ko ya rufe hoto ya bar murya, ba tare da an zabge masa ko dala ba. Lambar da ake darasi da ita ta zama ta makaranta. A rufe ƙofar shiga da kalmar sirri, kada a bar kowa ya shigo sai malami ya ga sunansa ya buɗe masa. Amma kada wani ya ruɗe mu da cewa na'ura za ta hana ɗaukar hoto, domin ko an toshe maɓallin naɗi, waya ta biyu na iya ɗaukar fuskar ta farko. Maganin wannan yana hannun uba da uwa. Kafin a fara darasi ko ɗaya, a rubuta yarjejeniya, uba ya sa hannu, yaro ya sa hannu, cewa ba naɗi, ba ɗaukar hoto, ba turawa, a kuma faɗi hukuncin wanda ya saɓa tun kafin ya saɓa. Ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a Disamban 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kai. Ya kamata ƙungiyoyin malamai, waɗanda muka saba jin muryarsu kan albashi da alawus, su karanta dokar nan su ga abin da ta tanadar wa mambobinsu, musamman na makarantun kuɗi da ba su da mai tsaya musu.

Na raka ɗiyar tawa wurin daraktan ranar Asabar. Mutum ne mai kirki, abin dai bai taɓa zuwa masa a rai ba ne. Da na tambaye shi ko zai yarda a kafa waya a falonsa sau uku a mako bayan isha'i, ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce uwargida ba za ta bari ba. Mun rabu a kan za ta riƙa yin darasin a ajin makaranta da ƙarfe biyar na yamma, iyaye uku sun janye ƴaƴansu saboda lokacin bai yi musu ba, za a kuma cire kuɗinsu daga rabonta. Uban yaron da ya ɗauki hoton ya zo har gida ya ba mijin haƙuri, an goge hoton daga wayar yaron, sauran wayoyin kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Tsohuwar ta samu sauƙi ta koma ƙauye ranar Laraba, har yanzu ba wanda ya gaya mata.

Maganar kuɗin littattafai sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.